Yadda Ake Amfani da Waya da Kwamfutar Hannu Wajen Tuƙa Ƙaramin Jirgin Sama

Masu koyon tuƙi da waɗanda suka riga suka karɓi lasisi suna tashi don nishaɗi sun yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya: wace na'ura za a saya, wace manhaja za a ɗora mata, ina za a ajiye ta a cikin jirgi, kuma me za a yi in ta ɗauke ana tsakiyar tafiya. Ga bayanin daki-daki. An yi shi ne domin mai tashi bisa ƙa'idar gani da ido, wadda ake kira VFR, a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya irin su Cessna 172 ko Piper PA-28.

Waya da kwamfutar hannu ba sa cikin kayan jirgi da hukuma ta tantance. Taimako suke yi, kuma yawancin aikin da zai sa su amfane ka a ƙasa ake gama shi, tun ba a tada inji ba. Shi ya sa matakan ƙasa suka fi na sama yawa a nan.

Mataki na 1: Duba dokar inda kake tashi

A Amurka, hukumar jiragen sama ta FAA ta fitar da takardar AC 91-78 wadda ta yarda matuƙi mai zaman kansa ya maye gurbin taswirar takarda da ta na'ura, muddin bayanan na yanzu ne. A can ɗin kuma dokar hukumar sadarwa ta FCC ta hana amfani da layin salula da zarar jirgi ya bar ƙasa. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma yana cikin dokokin hukumar jiragen samanta da littafinta na bayanan filaye da sararin sama, wanda ake kira AIP. In hayar jirgi kake yi, tambayi makaranta ko kulob ɗin. Wasu ba sa yarda a manna komai a gilashi ko sitiyari.

Mataki na 2: Fara zaɓen manhaja, sannan na'ura

Da yawa sukan sayo na'ura tukuna, daga baya su tarar manhajar da suke so ba ta aiki a kanta. ForeFlight, alal misali, a kayan Apple kaɗai take aiki. Garmin Pilot, SkyDemon da Air Navigation Pro suna aiki a Apple da Android. SkyDemon ta fi karɓuwa a Ingila da sauran Turai, OzRunways a Ostireliya. Avare kyauta ce a Android amma taswirorinta na Amurka ne. Masu jiragen da ba su da inji sun fi amfani da XCSoar, ita ma kyauta.

Abin da za ka auna manhaja da shi shi ne ingancin bayananta a yankin da kake tashi. Kusan dukkansu suna ba da gwajin kyauta na wani ɗan lokaci. A cikin kwanakin gwajin, ɗauki filaye uku da ka sani sosai, ka kwatanta abin da manhajar ta nuna da abin da ke cikin AIP: lambar titin sauka da tsawonsa, tsayin filin daga teku, mitar rediyon hasumiya, iyakokin sararin da ake tsaro. In ka sami kuskure a filin da ka sani, to ka san akwai irinsa a wanda ba ka sani ba.

Kuɗin rajista na shekara yakan kama daga wajen dala 100 zuwa sama da 300. Mai tashi da gani da ido ba ya buƙatar matakin da ya fi tsada. Yawancin abin da ke cikinsa na masu tashi cikin gajimare ne.

Mataki na 3: Na'urar kanta

Abu na farko shi ne GPS. iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS a cikinta. Tana iya nuna maka inda kake a gida saboda tana lissafi da Wi-Fi na kusa, sai ka ɗauka komai lafiya, amma kana barin ƙasa alamar jirgin za ta tsaya cak. Wadda ake saka wa layi ita ce mai GPS, kuma ba sai ka saka mata layin ba kafin ya yi aiki. A Android abin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka karanta takardar bayanin na'urar kafin ka biya.

Na biyu girma. A ɗakin matuƙi mai matsi, allo mai inci 8 kamar na iPad mini ya fi dacewa. Mai inci 11 yana da daɗin karatu a kan cinya, amma in an ɗaura shi a sitiyari yana rufe na'urorin jirgi. Mai inci 13 ba na ƙaramin jirgi ba ne.

Na uku haske. Ana auna hasken allo da nit, kuma abin da ya gaza 500 yana wahalar karantawa da rana tsaka, musamman a jirgi mai rufin gilashi. Game da ma'aji kuwa, gigabait 64 zai ɗauki taswirorin yanki guda, 128 ya fi kwanciyar hankali.

*Hattara:* tabarau mai tace haske, irin wanda masunta da direbobi suke so, yana iya mayar da allo baƙi ƙirin in an juya shi tsaye ko a kwance. Gwada da tabarau ɗin da za ka tashi da shi, ta fuskoki biyun.

Mataki na 4: Kayan haɗi, da wanda ya zama dole da wanda bai zama ba

In na'urarka ba ta da GPS, ko jirginka mai fiffike a sama ne yana tare sigina, sayi ƙaramar na'urar GPS ta waje irin su Garmin GLO 2 ko Bad Elf. Ta Bluetooth suke haɗuwa, ana ajiye su inda suke ganin sama.

Sai kuma na'urar karɓar ADS-B, irin su Sentry, Stratus, Garmin GDL 50, ko Stratux da mutum kan haɗa da kansa da ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi. Tana kama saƙon da jirage ke watsawa game da inda suke, ta zana su a taswirarka. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, saboda haka ka san abin da za ta ba ka kafin ka saya. Saƙon jirage a mita 1090 MHz yake, wannan a duk duniya ne. Rahoton yanayi na kyauta da ake tallata waɗannan na'urori da shi a mita 978 MHz yake zuwa, daga tashoshin ƙasa na Amurka. Wanda ke tashi inda babu irin waɗannan tashoshi zai ga jirage, amma ba zai sami yanayi ba. A Turai kuma jiragen da ba su da inji FLARM suke amfani da shi don ganin juna, tsarin dabam ne.

Mataki na 5: Wuta da zafi

Waɗannan biyun su ne suka fi kashe na'ura a sama, kuma tare suke tafiya.

Awa 10 da kamfani ya rubuta a kwali ba da cikakken haske da GPS aka auna ba. A jirgi kada ka sa ran fiye da rabin haka, kuma batir yana tsufa. Auna naka: cika shi, buɗe manhajar, ƙure haske, ka ga awa nawa zai kai.

Ramin caja na jirgi ba lalle ya zama irin na mota ba. Tsofaffin jirage da yawa bolt 14 ne, amma Cessna 172 na baya-bayan nan bolt 28 ne. Cajar da aka yi don bolt 12 kaɗai za ta ƙone in ka cusa ta a ramin da ke ba da bolt 28, wani lokaci har da hayaƙi. Karanta rubutun jikinta ka tabbatar tana ɗaukar wutar jirginka. Sannan ta iya ba da amfiya 2.1 zuwa 2.4, ko wat 20 in USB-C ce. Mai amfiya 1 za ta nuna alamar caji amma batirin yana ci gaba da sauka.

*Hattara:* caja mai araha tana fitar da ƙara da ke shiga rediyon jirgi, wanda ke aiki tsakanin 118 da 137 MHz. Gwajinta ba wuya. Inji yana aiki a ƙasa, saurari wata tasha mai rauni, ka jona cajar, ka cire, ka sake jonawa. In shuuu ya ƙaru ko muryar ta ɓace duk lokacin da ka jona, wannan cajar ba ta jirgi ba ce. Fawa-banki mai kyau ya fi sauƙi, don ba ya taɓa wutar jirgi ko kaɗan.

Zafi kuwa, Apple ta ƙayyade iPad ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. In ta wuce kima sai ta rufe allo ta nuna gargaɗi, ba kuma za ta dawo ba sai ta huce, abin da kan ɗauki mintoci. Ba ta sanarwa tun da wuri. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: rana kai tsaye ta gilashi, riga mai kauri ta roba, cikakken haske, da caji a lokaci guda, domin caji shi kansa zafi yake haifarwa. Saboda haka cire mata riga kafin tashi. Shigo da ita cike da caji don kada ta yi ta jan wuta a sama. Karkato ramin iska ya riƙa busa bayanta. Kada ka taɓa barin ta a saman dashbod yayin da kake zagaya jirgi kana dubawa, ko ka sauka cin abinci. Nan ne yawanci take ɗaukar zafin da zai kashe ta minti 10 bayan tashi. Akwai mariƙai masu fanka a ciki, kuma ga mai tashi a ƙasa mai zafi kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Mataki na 6: Inda za ta zauna

Wuri uku ne: a cinya da maɗauri, a sitiyari da mariƙi, ko a gilashin gefe da mariƙi mai mannewa. Ta cinya ba ta rufe komai kuma tana cikin inuwa, amma tana sa ka sunkuyar da kai, wanda ke ɗauke ido daga waje kuma yana sa wasu jiri. Ta sitiyari tana kusa da ido amma tana ƙara masa nauyi. Ta gilashi tana tare wani yanki na sama da ya kamata ka riƙa gani, kuma mannewar tana saki in jirgi ya hau sama iska ta yi sauƙi, ko gilashi ya yi sanyi.

Duk wanda ka zaɓa, yi gwaji biyu kafin tashin farko. Zauna, ɗaura bel, ka ja sitiyari har ƙarshe baya, ka tura har ƙarshe gaba, ka juya dama da hagu a kowane matsayi. In na'urar ko wayar cajinta ta taɓa cinya, maƙurar ba inji wuta ko wani maɓalli, sauya mata wuri. Sannan dubi kamfas na jirgi, ka karanta, ka kawo na'urar inda za ta zauna, ka sake karantawa. Akwai maganaɗisu a jikin iPad da murfinta da lasifikarta, kuma suna karkatar da kamfas.

*Hattara:* na'urar da ba a ɗaure ba tana iya faɗawa ƙarƙashin feda. A watan Yulin 2022 wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook da ke aikin kashe gobarar daji ya faɗa kogi a jihar Idaho ta Amurka, matuƙansa biyu suka rasu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna alamun cewa iPad ce ta faɗi ta maƙale a feda. Ɗaura wa taka igiya gajera, wayarka kuma ta zauna a aljihu mai zif.

Mataki na 7: Shigar da bayanan jirginka

Manhaja tana zuwa da samfuran jirage a shirye, amma alkalumansu na sabon jirgi ne daga masana'anta. Naka ya sha fenti, an sauya masa rediyo, an ƙara masa kaya. Ɗauko takardar awon nauyi ta wannan jirgin, mai lambar rajistarsa, ka shigar da nauyinsa ba kaya da matsayin tsakiyar nauyinsa da hannunka. Daga littafin jirgin ka ɗauko saurin tafiya, yawan man da yake sha a awa, da man da ake iya amfani da shi, wanda bai kai abin da tanki ke ɗauka ba. Bayan haka lissafa nauyi da daidaito na tafiya ɗaya da biro da takarda, ka kwatanta da amsar manhajar. In sun saɓa, akwai lambar da ta shiga ba daidai ba.

A nan ne kuma za ka tsayar da ma'auni. Nisa da mil na teku, wanda yake mita 1,852. Tsayi da ƙafa. Mai da abin da ma'aunin jirginka ke nunawa. Galan na Amurka lita 3.785 ne, kuma man avgas da ƙananan jirage ke sha yana da nauyin kusan fam 6 a galan, ko kilo 0.72 a lita. Rikita ma'auni ba ƙaramin abu ba ne: a 1983 wani Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin Kanada saboda an lissafa da fam a inda ake nufin kilo.

Mataki na 8: Daren jajibiri

Bayanan zirga-zirgar jirage na duniya suna sauyawa kowane kwana 28, ranar Alhamis, bisa tsarin AIRAC. Buɗe shafin saukewa na manhajar ka ga ranar da bayananka za su ƙare. Sauke taswirar hanya, ta filaye, da bayanan tsaunuka da dogayen turaku, na duk yankin da za ka ratsa har da maƙwabtansa, saboda yanayi na iya karkatar da kai.

Akwai bambanci tsakanin taswirar da aka sauke da wadda ka taɓa kallo da intanet. Ta biyun tana iya bayyana yau, gobe ta ɓace. Hanyar tabbatarwa ita ce ka sa na'urar a yanayin jirgi (airplane mode), ka kashe Wi-Fi, ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe kana zuƙowa kusa. Duk inda ka ga fili fari ko hoto ya dushe, ba a sauke wurin ba.

*Hattara:* kada ka sabunta babbar manhajar na'ura, iOS ko Android, ana gobe tafiya. Kashe sabuntawa ta kai-da-kai ma gaba ɗaya. Masu manhajojin tuƙi sukan sanar in sun gwada sabon fitowa sun ga lafiya. Jira wannan sanarwar. Duba kuma ranar ƙarewar rajistarka, don manhajar da ta nemi ka sake shiga asusu a inda babu sabis ta zama hoto.

Duk abin da ka yi wa kwamfutar hannu, yi wa wayarka. Yawancin rajista suna ba da damar na'ura fiye da ɗaya. Cika su duka da caji, har fawa-banki da na'urar GPS.

Mataki na 9: Tsara hanya, yanayi da mai

In ka rubuta filin tashi da na sauka, manhaja za ta ja layi miƙaƙƙe. Wannan layin bai damu da tsauni, daji, ruwa ko sararin soja ba. Buɗe hoton hanyar ta gefe, wanda ke nuna tsayin ƙasa da benayen sararin da ake tsaro, ka lanƙwasa layin yadda zai bi inda za ka iya sauka in inji ya tsaya. Sa zango kowane minti 10 zuwa 15 a kan abin da ido zai gane: gada, mahaɗar manyan hanyoyi, madatsar ruwa, layin dogo. Lambobin filaye na ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, haruffa huɗu ne, kuskuren harafi ɗaya yana iya kai layin wata nahiya, don haka dubi jimillar nisa da alƙibla ka ga ko sun yi kama da hankali.

Rahoton METAR yana faɗin yanayin da aka gani, TAF kuma hasashe ne. Manhaja tana fassara su da launuka, kore ko ja, amma launi ba ya faɗin shekarun rahoton. Koyi karanta asalinsa. In ka ga 121350Z, ranar 12 ga wata ce, ƙarfe 13:50 agogon UTC, wato GMT. BKN025 na nufin gajimare ya rufe yawancin sama a ƙafa 2,500 daga doron filin, ba daga teku ba. Alƙiblar iska a METAR daga arewa ta gaskiya ake auna ta, wadda hasumiya ke faɗa maka ta rediyo kuma daga arewar kamfas. Sanarwar NOTAM ma, wadda ke faɗa wa matuƙa sauye-sauye da haɗurran da ke filaye da sarari, karanta rubutunta. Ba kowace ce manhaja ke iya zanawa a taswira ba, kuma rufe titin sauka ko rashin mai a fili layi ɗaya ne a cikin dogon jeri.

Ga yadda iska ke sauya lissafi. Tafiyar mil 180, jirgi na gudun mil 110 a awa, yana shan lita 32 a awa. Ba iska, minti 98 ne da lita 52. Da iskar gaba mai gudun mil 20, gudunka a ƙasa ya koma 90, tafiyar ta zama awa 2 cif da lita 64. Manhajar da ba ta sami sabon hasashen iska ba tana iya ba ka lambar farko. A kan wannan za ka ƙara man tada inji da hawa, da ajiyar da doka ta wajabta, wadda a Amurka minti 30 ce da rana, 45 da dare. Wannan mafi ƙaranci ne; awa guda ta fi.

In ana zafi, duba abin da manhajar ta ce game da tsayin da inji zai ji. Kowane digiri ɗaya sama da ƙa'ida yana ƙara kusan ƙafa 120. Fili mai tsayin ƙafa 2,000, ƙa'idar zafinsa digiri 11 ce. In ana digiri 36, jirgi zai yi kamar yana ƙafa 5,000, gudun tashi ya tsawaita, hawa ya yi nauyi.

Ƙarshen wannan mataki takarda ce. Rubuta alƙibla, nisa da mintocin kowane zango, mitocin rediyo, tsayin filin sauka da lambobin titinsa, da fili na biyu in na farko ya ƙi. Rabin shafi ya isa.

Mataki na 10: Kafin a tada inji

Sabunta yanayi da NOTAM karo na ƙarshe tun kana da sabis. Sa na'urorin a yanayin jirgi, sannan ka sake kunna Bluetooth ko Wi-Fi in kana da na'urar waje. GPS yana aiki a yanayin jirgi a na'urorin zamani. Wannan yana rage cin batir sosai, domin waya a sama ƙarfinta take ƙurewa tana neman sabis. Kashe kulle allo na kai-da-kai, kulle juyawar allo, toshe saƙonni da kira. Tabbatar alamar jirgi tana daidai inda kake a filin, kuma manhajar tana karɓa daga na'urar da kake zato.

Zaɓi yadda taswira za ta tsaya: arewa a sama, ko inda ka dosa a sama. Na biyun ya fi sauƙi wajen daidaita abin da ke allo da abin da ke taga. Riƙe ɗaya kada ka riƙa sauyawa.

In tashin dare ne, rage haske tun kafin ka shiga jirgi ka kunna yanayin duhu. Ido yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, farin allo kuma cikin daƙiƙa yake ɓata wannan.

*Hattara:* jirgi na tafiya a ƙasa ba a rubutu. In akwai abin gyarawa, tsaya, ja birki, sannan ka taɓa allo.

Mataki na 11: A sama

Lokacin tashi, zagayen fili da sauka, hannu ba ya zuwa kan na'ura. A tsakiyar tafiya kuma kallo ne na daƙiƙa uku ko huɗu, a koma waje. In abin zai ɗauki lokaci, raba shi kashi-kashi, ko ka ba fasinja. Jirage biyu masu gudun mil 120 da suka fuskanci juna suna cinye mil 4 a minti guda.

Akwai lambobi uku a allo da ke yaudarar sabon matuƙi. Gudun da GPS ke nunawa gudu ne a kan ƙasa, fiffike kuwa iskar da ke ratsa shi ya sani, saboda haka saurin tashi da na sauka daga ma'aunin jirgi kaɗai ake karanta su. Tsayin GPS ba shi ne na altimita, ma'aunin tsayi na jirgi, ba. Hasumiya da iyakokin sarari duk da matsin iska suke aiki, don haka sa QNH, wato lambar matsin iska da aka ba ka, ka bi altimita. Kuskuren hektofaskal 10 a wannan lamba kusan ƙafa 300 ne. Na uku, layin da GPS ke nunawa inda jirgi ke bi ne, ba inda hancinsa ke kallo ba; bambancinsu aikin iskar gefe ne.

Jiragen da ke bayyana a allo su ne masu watsa saƙo kaɗai. Tsohon jirgi marar lantarki, balan-balan, mai lema da ungulu ba za su fito ba. Lambar da ke gefen kowane jirgi ɗaruruwan ƙafa ce tsakaninku: +05 yana sama da kai da ƙafa 500. Allo ya gaya maka inda za ka duba, ido ya nemo shi.

Hoton ruwan sama na rada ya fi kowanne haɗari. A 2012 NTSB ta yi gargaɗi cewa hoton da ke isa ɗakin matuƙi yana iya girmar lokacin da aka rubuta a jikinsa da minti 15 zuwa 20. Hadari yana tafiya yana kuma girma a wannan tsakanin. Yi amfani da hoton ka kauce wa yankin gaba ɗaya tun daga nesa, kada ka nemi ratsawa ta tsakanin gajimare biyu da shi.

A kowane zango, dubi agogo, dubi takardarka, nemo alamar a ƙasa, sannan ka dubi allo ya tabbatar. Rubuta lokacin. A nan ne kuma za ka duba mai, inji, altimita, da kason batir. Wannan ɗabi'ar ce ke tona asirin GPS in ya fara ƙarya, abin da ke faruwa a yankunan da ake toshe sigina ko ake aika ta bogi, kamar kewayen tekun Baltik da gabashin Bahar Rum.

Mataki na 12: In ta ɗauke

Ci gaba da tuƙi. Riƙe alƙibla da tsayin da kake kai, dubi agogo. Kada ka sunkuya kana danne-danne. Ciro waya, wadda hanyar ke cikinta tun jiya. In zafi ne ya kashe ta farko, cire caja, sa ta a inuwa kusa da ramin iska. In wayar ma ta ƙi, takardarka tana da alƙibla da mintocin zango na gaba. In ka rasa inda kake, kira masu kula da zirga-zirga tun da sauran mai. In ba ka san mitar ba, 121.5 MHz ita ce ta gaggawa, lambar gaggawa ta tiransifonda, na'urar da ke nuna jirginka a rada, kuma 7700.

Batirin da ya kumbura, yake wari ko hayaƙi, wani abu ne dabam. Cire shi daga caja nan take. In akwai harshen wuta a kashe da abin kashe gobara, sannan a zuba ruwa mai yawa don ya huce, kada a lulluɓe shi da tsumma ko ƙanƙara, domin rufewa tana riƙe zafi. Buɗe iska, ka nufi fili mafi kusa. Na'urar da batirinta ya fara ɗaga allo ba ta shiga jirgi tun farko.

Wannan mataki ana gwada shi kafin ranarsa ta zo. Haɗa manhajar da na'urar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta, X-Plane ko Microsoft Flight Simulator, ta Wi-Fi a gida, ka saba da neman fili mafi kusa da sauya hanya ba tare da lalube ba. Sannan ka tashi da malamin tuƙi, ka roƙe shi ya kife na'urar a lokacin da ba ka zata ba, ka kai jirgin zango na gaba da agogo, kamfas da takarda.

Mataki na 13: Bayan sauka

In ka shigar da tsarin tafiya ga hukuma, tabbatar an rufe shi. Ba kowace manhaja ce ke yi maka ba, kuma in an ji shiru za a fara nemanka. Buɗe tarihin tafiyar da manhajar ta naɗa ka ga inda ka kauce daga layi da yadda ka riƙe tsayi. Kwatanta man da aka zuba maka da wanda ta yi hasashe. In bambancin yana maimaituwa tafiya bayan tafiya, koma Mataki na 7 ka gyara lambar shan mai. Cire na'urar da fawa-banki daga jirgi, kada su kwana a rana, kuma in za a daɗe ba a tashi ba a ajiye su da kusan rabin caji.